"Was walking to" ko "was walking towards"? A raba mana gardama

Uwar Ɗalibai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamai, a raba mana gardama don Allah. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, tana shirin WAEC, an ba su insha'in ba da labari. Ta rubuta: "I was walking to the market when the rain started, so I ran back home." Malamin da ke yi musu darasin yamma ya ja wa "to" layi da jan biro, ya sa "towards" a samansa, ya ce tunda ba ta kai kasuwar ba, ba ta da hurumin cewa "to". Yayanta kuma ya ce jimlar lafiyarta ƙalau. A ƙasa ta rubuta "People were entering inside the shops" da "A man was coming down from the bus", su ma duk an ja musu layi. Yarinya ta rikice, yanzu tsoron duk wata jimla mai "was" take yi. Wa ke da gaskiya?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Hajiya. A jimla ta farko yarinya ce ke da gaskiya, a bar mata "to" ɗinta. Da ta rubuta "I walked to the market", to wannan ta isa kasuwa, babu ja. Amma da zarar an sa "was" ko "were" aka liƙa wa aikatau "-ing", an tsayar da mai karatu ne a tsakiyar aikin. Kamar ka leƙa ta taga ne ka hangi mutum a kan hanya: ka san inda ya dosa, ba ka san ko ya kai ba. "To the market" yana faɗa mana inda ta yi niyyar zuwa, "was walking" kuma yana faɗa mana tana kan hanya lokacin da ruwa ya sauko. Babu wani saɓani tsakaninsu. Shi ya sa ma ake haɗa wannan siga da "when" sannan a kawo gajeren aiki da ya katse dogon. Sauran jimloli biyun kam malaminta yana da hujja, zan zo kansu.

Mai Jan Biro:
Baba, da girmanka, ni ina bayan malamin yarinyar. Ina cikin masu duba takardun ɗalibai, kuma abin da nake gaya musu kullum shi ne su ɗauki hanyar da babu rigima. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema aƙalla, maki 50 ne, kuma 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, kowane kuskure ana zaftare wani abu. Idan yarinya ta sa "towards" babu mai dubawa da zai taɓa ta. Idan ta sa "to" tana iya faɗawa hannun wanda zai ga kamar kuskure ne. Me zai sa ta jefa kanta a haɗari?

Tsohon Malami:
Ɗana, ai "towards" ɗin ba maganar da yarinya ke nufi yake faɗa ba. Idan na ce "I was walking towards the market", fuskar da na dosa kawai na bayyana. Wataƙila gidan ƙanwata da ke bayan kasuwa za ni, wataƙila masallacin da ke bakinta. Ita kuwa aikenta aka yi kasuwa, kasuwar ce manufarta, kuma daɗin labarin shi ne ruwa ya hana ta isa. Idan muka koya wa yara su gudu daga jimla ingantacciya don tsoron mai dubawa da bai ƙware ba, mun rage musu Turanci da hannunmu. Mai dubawar ya kamata a gyara.

Tafinta:
Ina goyon bayan Baba, kuma ni a wurin aikina wannan bambanci ba na maki ba ne, yana iya canja shari'a. Shaida ya tsaya ya ce da Hausa: "Yana cikin tsallaka titi mota ta kwashe shi." Idan na mayar da "He crossed the road and a car hit him", na ce mutumin ya gama tsallakawa, ya kai wancan ɓangaren, sannan mota ta same shi, watau direba ya bar kwalta ya bi shi gefen hanya. Idan na ce "He was crossing the road when a car hit him", mutumin yana tsakiyar titi, bai kai ba, kuma ba zai taɓa kaiwa ba. Lauyan direba yana zaune yana jiran wanne zan faɗa. Kun ga "was crossing" bai yi alkawarin an tsallake ba, haka "was walking to" bai yi alkawarin an isa ba.

Amma akwai tarkon da ya fi wannan kama mu Hausawa, kuma ban taɓa ganin an koyar da shi a aji ba. "Yana" ɗinmu aiki biyu yake yi a labari. "Yana cikin shiga ɗaki sai ya faɗi" daban, "Yana shiga ɗaki sai ya faɗi" daban. A ta biyu ya riga ya shiga, shigarsa ke da wuya ya faɗi. Wannan ba "He was going into the room when he fell" ba ce, "As soon as he went into the room, he fell" ce. Mutum ya ce "Ina fitowa na gan shi", sai a rubuta "I was coming out when I saw him", alhali cewa ya yi fitowarsa ke nan ya yi arba da shi. Kafin ka taɓa "was", tambayi kanka ko za ka iya sa "cikin" a jimlar Hausar ba tare da ma'ana ta canja ba.

Ɗalibar Jami'a:
Malam Tafinta Allah ya saka da alheri, wannan na "yana shiga" zan kai shi aji. Abin da ku da Baba kuke bayani masana sun daɗe da ba shi suna. Wani masanin harshe Ba'amurke, David Dowty, ya kira shi "imperfective paradox" a ƙarshen shekarun 1970. Abin mamakin da ya lura da shi: idan ka ce "he was running", to lallai ya yi gudu ko da taku uku ne. Amma idan ka ce "he was running to the gate", ba lallai ya kai ƙofar ba. Ƙaramar kalmar nan "to" ita ta sa wa gudun iyaka, "was" da "-ing" kuma suka ce ba mu kai iyakar ba tukuna. "Into", "onto", "out of", "across" duk masu sa iyaka ne. "Towards" da "along" ba sa sa iyaka, shi ya sa "he walked along the river" da "he was walking along the river" ba su yi nisa da juna sosai ba, amma "he swam across" da "he was swimming across" akwai rai da mutuwa a tsakaninsu.

Mai Jan Biro:
Na karɓi ta "to", ba zan yi jayayya da hujja ba, ko da yake har gobe zan gargaɗi ɗalibaina cewa ba kowane mai dubawa ne ya san wannan ba. To "entering inside" fa? Nan dai ba mai kare ta.

Tsohon Malami:
Babu. "Enter" ta riga ta haɗiye "cikin" a cikinta, don haka "People were entering the shops" ya wadatar. Sai dai ni ko wannan ba zan so ta rubuta ba a labarin ruwan sama. Mutanen da ruwa ya koro ba sa "entering". Bature zai ce "People were running into the shops", ko "rushing into", ko "crowding into". Aikatau ya ɗauki yanayin tafiyar, ƙaramar kalma ta ɗauki hanyar. Nan ne ƙashin bayan maganar yake, kuma nan Turancin yaranmu yake bushewa: komai "entering", "going", "coming", "passing".

Ɗalibar Jami'a:
Baba, ka taɓo abin da nake ta karantawa a wannan zangon. Leonard Talmy, shi ma Ba'amurke, ya raba harsuna ta wannan fuska a wani rubutunsa na 1985. Wasu harsuna suna zuba hanya a cikin aikatau, yanayin tafiya kuma su rataya shi a gefe. Wasu suna zuba yanayin tafiya a cikin aikatau, hanya su bar wa ƙaramar kalma. Turanci da Jamusanci suna rukuni na biyu. Ku dubi namu: shiga, fita, hau, sauka, wuce, tsallaka, ratsa, koma, kewaya. Kowanne hanya ce. Idan muna son faɗin yadda aka yi tafiyar sai mu ƙara: ya fita da gudu, ya shiga da rarrafe, ya sauka da ɗingishi. Bature yana juya abin: "ran out", "crawled in", "limped down". Abin da muka sa a ƙarshe shi ya zama aikatau ɗinsa, aikatau ɗinmu kuma ya koma 'yar kalma mai harafi biyu zuwa huɗu. Da na gane wannan, sai na riƙa fassara daga baya: "Suna ta fita da gudu", in fara ɗaukar "gudu" in yi "were running", sannan in mayar da "fita" ta zama "out".

Kuma mu ma muna da namu ƙananan alamomin, a wutsiyar aikatau suke. F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa aji bakwai a 1960. Aji na shida mai ƙarewa da "-o" yana nuna aikin ya nufo mai magana: fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, kai da kawo. Aji na biyar yana nuna an kawar da abu ko an sa shi ya yi: fitar, shigar, saukar. To "yana fita" shi ne "he was going out", "yana fitowa" kuma "he was coming out", "yana fitar da kaya" "he was taking the goods out", "yana fito da kaya" "he was bringing the goods out". Bahaushe ba ya kuskuren fita da fito ko yana barci, don haka bai kamata "going out" da "coming out" su ba shi wahala ba in an nuna masa ta nan.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga mutanen zaure. Mu da muka yi lakol da Faransanci sannan muka zo koyon Ingilishi, nan ne muke shan wuya ninki biyu, domin Faransanci tafiyarsa ɗaya da Hausa a wannan wuri. "Il est sorti en courant" daidai yake da "ya fita da gudu", kalma bayan kalma. Sai ka zo Ingilishi ka tarar da "enter", "descend", "return", ka yi murna ka ga 'yan gida, ka yi ta amfani da su. Mushenmu, wato malaminmu, ya taɓa gaya mana cewa waɗannan ai daga Faransanci suka shiga Ingilishi bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, shi ya sa suke ɗauke da hanya a cikinsu kamar na Faransa. Talakan Ingila bai bar "go in", "go down", "go back" ɗinsa ba. In ka ce "I was descending the stairs" ba ka yi kuskure ba, amma kamar takardar gwamnati kake karantawa.

Wata matsalar kuma da nake son Baba ya tabbatar mini. A Faransanci siga ɗaya ce, wadda muke kira imparfait, take ɗaukar abin da ake cikin yi da abin da aka saba yi. Hausa ma muna cewa "Da muna yara muna gangarawa tafki kullum". Na rubuta "When we were children we were going down to the pond every day", aka ce ba haka ba.

Tsohon Malami:
Wanda ya gyara maka ya yi daidai, ɗana. Abin da aka saba yi shekara da shekaru "used to" ne ko "would", ko ma sigar da ta wuce kai tsaye: "we used to go down to the pond", "we went down to the pond every day". Wannan shi ne "mukan" ɗinmu. Ana iya jin "were going" da maimaici idan ɗan lokaci ne na wucin gadi, misali "That week we were going down to the pond twice a day because the tap was dry". Mako guda ne, larura ce ta kawo. Yarinta gaba ɗaya kuwa ba ta shiga nan.

Direban Tirela:
Salamu alaikum malamai. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma aikinmu yana sa mu rubuta rahoto idan wani abu ya faru a hanya, kuma kamfani da Turanci yake so. Akwai ranar da na tashi daga Akwanga zan hau Jos da lodin siminti. Wanda ya san Hawan Kibo ya san yadda mota mai nauyi take jan ciki a wurin, giya ta ɗaya ko ta biyu, inji yana kuka, kana jin zafinsa ta ƙarƙashin kujera. Wata motar itace a gabana ta kasa, ta fara dawowa da baya, yaran da ke samanta suna ta dirowa, yaron motar yana bin ta da katakon waigi yana neman sa wa taya. Allah ya kiyaye ta tsaya a jikin dutse, madubina kawai ta tafi da shi. Na rubuta: "I was climbing Hawan Kibo and one lorry was reversing back and boys were dropping." Wanda ya karɓi takardar ya ce bai gane ko direban ne ya sa ribas da gangan ba. Yaya ya kamata in rubuta?

Tafinta:
Sannu Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Mai karɓar takardar yana da dalilin tambaya, domin "reversing" aikin direba ne da ya sa giyar baya, kuma "back" a bayanta maimaici ne. Motar da ta ƙwace tana gangarowa da kanta "was rolling back" take yi. Ga yadda zan sa shi: "I was crawling up Hawan Kibo in low gear. The lorry in front of me was rolling back down the hill, and the boys on top were jumping off." Dubi yadda kowane aikatau ya faɗi yanayi: "crawling" jan ciki, "rolling" gangarowar taya ba da ikon kowa ba, "jumping" dirowa. Ƙananan kalmomin kuma suka zana taswirar wurin: kai "up", ita "back down", yara "off". Har guda biyu ana jerawa, "back down", watau baya kuma ƙasa. Sannan abin da ya faru farat ɗaya ka ba shi sigar da ta wuce kai tsaye: "It hit my mirror and stopped against a rock." Da wannan rahoton babu mai tambayarka laifin wa.

Ka lura kuma da "were jumping off". Dirowa abu ne na ƙiftawar ido, ba a daɗewa a cikinsa. Idan aka sa irin wannan aikatau a sigar "-ing" da mutane da yawa, ma'anar ta koma ɗaya bayan ɗaya, wato "suna ta dirowa" ɗin da ka faɗa da bakinka. "Ta" ɗin nan tamu ita ce.

Direban Tirela:
Na gode Malam, na kwafe shi a waya. To ni da nake saukowa daga kan tirela, ita ma "getting off" zan ce? Na ga an ja wa yarinyar Hajiya layi a kan "coming down from the bus".

Tsohon Malami:
Alhaji, kai naka da sauƙi, domin gaban tirela yana da tsawo, da gaske saukowa kake yi: "I was climbing down from the cab" daidai ne. Bas kuwa a Turancin Ingila da Amurka "getting on" da "getting off" ake yi, haka jirgin ƙasa, jirgin sama, babur, keke da doki. Ƙaramar mota da tasi "getting into" da "getting out of". Yadda nake sauƙaƙa wa ɗalibai: abin da za ka iya miƙewa tsaye a cikinsa ko ka hau bayansa, "on" da "off", abin da sai ka sunkuya ka zauna, "in" da "out of". Don haka "A man was getting off the bus".

Ɗan Kasuwar Waya:
Ni fa a nan nake da magana, ku yi haƙuri malamai. Daga Legas har Maiduguri kowa "come down" yake cewa, ko "drop". Kwandasta, fasinja, ɗan sanda, har lakcara. Mutum miliyan nawa ne ke magana haka? Amurkawa sun ce "toward" babu "s", sun ce "out the window" babu "of", sun rubuta "traveling" da "l" ɗaya, ba wanda ya ja musu jan biro, an ce Turancin Amurka ne. Mu kuma namu sai a ce kuskure. Yaushe za mu daina raina kanmu?

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, rabin maganarka ina tare da kai. Turancin Najeriya abu ne da masana suke nazari da mutunci, kuma ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu irin su "okada" da "danfo" a 2020. A tasha ni ma "I wan drop" nake cewa, in na ce "I am getting off" sai an wuce da ni. Amma yarinyar Hajiya jarrabawa za ta rubuta, kuma ma'aunin jarrabawar bai canja ba tukuna. Sannan akwai wuraren da namu yake juya ma'ana ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Mu muna cewa "ina zuwa" alhali tafiya muke yi, muka mayar da ita "I'm coming". Ka rubuta wa baƙo "He stood up and said he was coming", shi zai fahimci mutumin yana nufo su ne, ya rasa yadda wanda ke tare da su zai ce yana tahowa. Abin da ake nufi "he said he was coming back". Kalma ɗaya ce, "back", amma in babu ita labarin ya karye.

Ɗan Kasuwar Waya:
Na yarda da ta "coming back", ƙanwata. Ta bas ɗin ce ban sauka daga kan ra'ayina ba. Wanda duk ya ji "coming down from the bus" ya san abin da ya faru.

Mai Jan Biro:
Ya sani, amma ni in na gani a takarda sai na ja layi, domin abin da aka ba ni in auna da shi ke nan. Mu bar wannan haka. Baba, akwai abin da ɗalibai ke tambayata ina ba su amsa a gurguje, ina so in ji yadda kake bayaninsa. Me ya sa "He was turning it off" daidai ne, amma "He was turning off it" wani lokaci kuskure, wani lokaci daidai?

Tsohon Malami:
Domin "off" biyu ne masu kama ɗaya. Ɗauki jimloli biyu: "He was turning off the light" da "He was turning off the road". A ta farko "off" abokin aikatau ne, su biyun suka haɗu suka ba da ma'anar kashewa, fitila kuma ita ake kashewa. Wannan shi ake kira particle. A ta biyu "off" na titi ne, yana nuna daga inda aka kauce, ba a yi wa titin komai ba. Wannan preposition ne. Gwajin yana da sauƙi: matsar da ƙaramar kalmar zuwa bayan sunan. "He was turning the light off" ya zauna. "He was turning the road off" shirme ne, sai ka ce titin makunni gare shi. Idan ta yarda ta matsa, particle ce, kuma da wakilin suna dole ta matsa: "turning it off", "putting them down", "carrying her out". Idan ta ƙi matsawa, preposition ce, wakilin suna yana bin bayanta: "turning off it", "running up them", "walking past her". A baki ma ana ji, domin particle ake dannawa da murya.

Haka "She was running up the stairs" da "She was running up debts". Ta farko hawa take da gudu, ta biyu bashi take tarawa. Yawancin waɗannan kalmomi da hanya suka fara, sannan aka ara su zuwa wasu ma'anoni, shi ya sa nake so yaro ya fara riƙe ma'anar hanya da kyau kafin a jibga masa jerin phrasal verbs (aikatau haɗe da ƙaramar kalma) ɗari ya haddace.

Uwar Ɗalibai:
Ina biye da ku, ina rubutawa. Tambaya ɗaya ta kaina: "She was sitting down" tana zaune ne ko tana cikin zama?

Tafinta:
Duka biyun yana iya ɗauka, Hajiya, shi ya sa nake kaffa-kaffa da shi. Mu mun raba: tana zaune, tana tsaye, tana kwance, tana jingine, waɗannan hali ne; tana zama, tana miƙewa, tana kwanciya, waɗannan motsi ne. Turanci siga ɗaya ya ba su. In hali kike nufi, yar da "down" ki faɗi wurin: "She was sitting on the mat", "He was leaning against the wall", "A tree was lying across the road". In motsi kike nufi, ƙara "just": "She was just sitting down when the phone rang". Ki lura a "lying across the road" babu abin da ke tafiya, "across" shimfiɗar bishiyar daga wannan gefe zuwa wancan yake nunawa.

Tsohon Malami:
Bari in ba matasan zaure aiki mu gani ko maganar ta zauna. A mayar da waɗannan: Muna cikin wucewa ta gaban Ƙofar Nasarawa a mota sai taya ta fashe. Yara suna ta fitowa daga aji da gudu. Ina shiga gida aka ɗauke wuta.

Ɗan Aji Biyar:
Baba ga nawa. "We were driving passed Kofar Nasarawa when a tyre burst." "The children were running out from the class." "As soon as I got into the house, the light went off."

Tsohon Malami:
Madalla jikana, ta ukun ka kama abin da Malam Tafinta ya faɗa, ba ka faɗa ramin "was entering" ba. In wutar unguwa ce gaba ɗaya, "the power went off" ya fi fitar da ma'ana, domin "the light" ƙwan fitila ɗaya ne. A ta farko tsarinka daidai ne, rubutun kalma ne ya kuɓuce: "passed" aikatau ne, kuma ka riga ka sa aikatau, "were driving". Abin da kake buƙata ƙaramar kalmar hanya ce, "past". A kunne ɗaya suke, a takarda "We passed the gate" amma "We were driving past the gate". A ta biyu "out of" ake cewa idan daga cikin wuri ake fitowa, kuma ɗakin "classroom" ne, "class" ɗaliban ne ko darasin: "The children were running out of the classroom."

Direban Tirela:
Baba, wannan "running out of" ɗin na san shi a wani wuri. Mukan rubuta "we were running out of diesel" idan mai ya kusa ƙarewa. Shi ma gudu ne?

Tsohon Malami:
Wannan ma'anar aro ce, Alhaji, ƙarewa yake nufi, kuma abin da ya biyo bayan "of" shi zai gaya maka wanne ne: in wuri ne, fita ake da gudu, in kaya ne irin mai, kuɗi ko lokaci, ƙarewa suke. Ka kula da sigar a rahotonka. "We were running out of diesel" yana nufin akwai saura a tanki, allura tana sauka, kana neman gidan mai. In motar ta riga ta mutu a gefen hanya, "we ran out of diesel" za ka rubuta, ko "we had run out of diesel" idan kana bayanin dalilin da ya sa aka same ku a tsaye.